Rasuwar Datti Bakanike a Hanyar Kano

Ranar Talata, sha takwas ga watan Maris na shekarar 1986, cikin makon farko na Rajab, dab da kiran azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Datti Ahmadu, wanda mutanen Kura da ƙauyukan Bunkure suka fi sani da Datti Bakanike. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu, a gefen titin Zariya, gaba kaɗan da Kwanar Dawaki, kansa a kan cinyata.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Sau uku ina zama in rubuta wannan, ina tashi. Sunana Mukhtari Iliyasu, malamin gona ne ni, aikina auna fili da duba shuka, ban saba da irin wannan rubutu ba. Amma ni na tuƙa motar ran nan, kuma duk wanda ya tambaye ni guntun labari nake ba shi, sai murya ta ƙi. Gara in faɗa duka sau ɗaya. Kuma da kai zan yi maganar, Datti, domin in na zo kan batun inji kai ne za ka fi kowa gane abin da nake nufi.

Gidanku gidan malamai ne. Mahaifinku ya bar makarantar allo a hannun yayanka, Malam Maharazu. Kai ma ka sauke Alƙur'ani, amma zuciyarka ta tafi wajen ƙarfe. Ka je Kano ka koyi gyaran mota, kuma da aka fara haƙa manyan hanyoyin ruwa daga madatsar Tiga, sai ka bi masu gyaran katafila da tarakta har aikin ya ƙare. Daga nan ka dawo gida ka kafa rumfa a bakin titi, ƙarƙashin tsamiyar nan da ke kudu da tasha. A nan na same ka shekarar da aka turo ni Kura, babur ɗina yana tari. Ba ka ko taɓa shi ba. Ka ce in sake tayar da shi, ka karkata kai kamar mai sauraron karatu, sannan ka ce ruwa ne a cikin mai. Haka ɗin ne kuwa.

Abin da na fara girmamawa a wurinka shi ne ba ka jin kunyar cewa ba ka sani ba. Bakanike da yawa in abu ya shige musu duhu sai su kwance rabin inji don kada a ce sun kasa. Kai sai ka goge hannu ka ce, “Ban gane ta ba tukuna, a bar min ita zuwa jibi.” Kana da wani tsohon kundi da kake zana cikin kowane injin da ka buɗe, ka rubuta sunayen sassan da ajami. Idan lokacin salla ya yi, sai ka cuɗa hannunka da yashi da sabulu har sau uku, don kada baƙin mai ya taɓa tabarmar masallaci.

Manoman da gonakinsu ke can ƙarshen kanal, wato hanyar ruwan nan, inda ruwa ba ya isa sai an jawo da inji, su suka fi kowa sanin darajarka. Ba ka jiran a kawo maka inji rumfa. Kai kake ɗaure akwatin sifana a bayan babur ka bi su har gona, ka shiga taɓo har gwiwa. Shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, injin Rekiya, matar nan da mijinta ya rasu ya bar ta da gonar albasa, ya fashe ana tsakiyar zafi. Ka duba ka ga gyaran zai ɗauki kwanaki. Da yamma aka ga ka ɗauko injin gonarka ka kafa mata. Kwana tara yana wurinta. Albasarta ta yi, taka kuwa rabi ta ƙone. Da na yi maka magana, cewa ka yi, “Ni ina da sifana, ita albasar nan kaɗai take da ita.” Ba ka sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake ba.

Yanzu sai maganar motar.

Shekara biyu da suka wuce na sayi mota a hannun wani Bature injiniya da ya gama aikinsa zai koma gida. Ba irin wadda ake haɗawa a ƙasar nan ba ce. Ba ta da kafireta, ta nozul ake fesa mata mai, kuma tana da abin da kuke kira tobo, wani ɗan famfo da hayaƙin inji ke juyawa yana tura ƙarin iska cikin injin idan an taka totur sosai. Ka ce min in yi tunani, domin in ta lalace babu kayanta a kusa. Ban ji ba. Ina son yadda take tashi kamar an harba ta.

Bara da damina ta fara wani hali. Idan tana sulo lafiya lau, a tafiyar hankali ma lafiya lau. Amma da zarar na taka don in wuce wata mota, sai ta yi fito, ta ja kaɗan, sannan ta shaƙe, a riƙa jin ƙara a injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na kai ta wurin mutum biyu a Kano, suka canja filogi, suka wanke tanki, a banza. Sai na kawo maka ita ina sunkuyar da kai.

Kwana huɗu ka yi kana kallonta. Rana ta biyar ka kira ni, na tarar ka cire geji, agogon nan mai nuna ƙarfin turin ruwa, daga wani tsohon injin ban-ruwa ka haɗa shi da bututun mai, ga kuma famfon keke a hannunka. Ka nuna min wani ɗan gwangwanin ƙarfe a ƙarshen bututun, bai fi gwangwanin tumatir girma ba, da siririn tiyo a kansa. Ka ce sunansa regileta.

Ka ce, “Malam Mukhtari, kai malamin gona ne, bari in yi maka da yarenka. In ka ɗora tiyo daga kanal zuwa kwamin albasa, me ke sa ruwa ya gudana?”

Na ce, “Ruwan kanal ya fi na kwami tudu.”

“To in ruwan kwami ya taso ya kusa kamo na kanal fa?”

“Sai ya koma ɗiga.”

“To shi ke nan. Nozul shi ne tiyon. Mai yana gefe ɗaya, iskar inji tana ɗaya gefen. In ka taka, tobo ya hura iska, iskar nan tokare bakin nozul take yi. Dole ƙarfin mai ya ƙaru daidai yadda ƙarfin iska ya ƙaru, in ba haka ba iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Aikin ɗan gwangwanin nan ke nan. Akwai faifan roba da sifirin a cikinsa. Iska ta biyo wannan siririn tiyon ta danna robar, robar ta matse hanyar da mai ke komawa tanki, sai ƙarfinsa ya hau.”

Sannan ka tayar da injin, ka cire siririn tiyon ka haɗa da famfon keke, ka ce in zuba ido a kan geji. Ka buga famfo. Allura ta ɗaga kaɗan, ta yi rawa, ta sauko. Ka shafa ruwan sabulu a jikin gwangwanin ka sake bugawa, sai ga kumfa tana tasowa daga wata tsaga siririya kamar gashi. Iskar da ya kamata ta danna robar waje take fita. Ban taɓa ganin ka yi murna irin ta ranar ba. Har ka kira masu shayi su zo su ga kumfa.

Amma gano ciwon bai zama magani ba. Ka ce in ka yi walda, zafi zai ƙone robar ciki, kuma gwangwanin a dunƙule yake, ba a buɗe shi. Ka liƙe tsagar da gam, ya yi sati uku, zafin inji ya sake shi. Ka sake liƙewa, ya sake saki. Ka zaga kasuwannin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, ka aika Kaduna, ka aika Legas. Lokacin ne kayan waje suka yi wuya, kowa ya juya gwangwanin a hannu sai ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Wata bakwai muna nema. A ƙarshe ka ce min, “Ka lallaɓa ta. Muddin ba ka bari tobo ya hura ba, za ta kai ka ko'ina. In ka ji fiton nan, ɗaga ƙafarka. In ka matsa mata, wuta za ta yi zafi a ciki ta huda fistin, kuma a nan za ta tsaya.”

Na lallaɓa ta kuwa, har ranar Talatar nan.

Ina wata gonar alkama kusa da Bunkure wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, sai ga Baballe, direban tarakta, ya taho a guje ba hula. Ashe kana can gonar da ke gaba. Tirelar taraktarsa ce ta karye ƙafa ɗauke da buhunan alkama, ya kira ka. Kun sauke rabin kayan, ka ɗaga ta da jak a kan katako ka shiga ƙarƙashi. Ba wanda ya lura ruwan kanal ya tsattsafo ta ƙasa ya jiƙa wurin. Katakon ya nutse, jak ya zame.

Kafin in iso, mutane sun taru sun ɗaga ta sun jawo ka. Babu jini ko ɗigo a jikinka. Kana zaune ka jingina da taya, kana cewa a daina kururuwa, ba abin da ya same ka. Amma ka riƙe cikinka ta hagu, goshinka yana tsattsafo gumi mai sanyi, leɓɓanka sun yi fari. Akwai wani malamin asibiti da ya zo duba gonarsa, ya taɓa cikin ya ji ya fara tauri. Ya ja ni gefe ya ce jini ne ke zuba a ciki, sai an yi aiki, kuma babu inda za a yi shi sai Kano. Ya ce in yi sauri.

Mota ɗaya ce a duk wurin, tawa.

Muka kwantar da kai a kujerar baya, Baballe ya tallafe ka. Daga Bunkure zuwa Ƙarfi hanya ba cunkoso, na riƙe ta daidai inda ba ta fito. Da muka hau titin Zariya sai na tarar da abin da nake tsoro. Titin nan hannu biyu ne kawai, mai zuwa da mai dawowa. A gabana wata tankar mai tana rarrafe, a ɗaya hannun kuma motocin tumatir masu tafiya Kudu sun jeru, ɗaya na bin ɗaya. Na yi ham, na kunna fitila, na fitar da hannu ina ɗagawa. Direban tankar ko bai gani ba, ko ba shi da inda zai rakuɓe, Allah Ya sani.

Da na ga ɗan sarari sai na fita na taka. Ta yi fito, ta ja, ta shaƙe. Ga wata babbar mota ta taho gadan-gadan. Na koma bayan tankar. Sai na ji muryarka daga baya, a hankali, yadda kake yi min magana a rumfa.

“Malam Mukhtari, ɗaga ƙafarka. Ba ta samun mai.”

Na ce, “Datti, lokaci.”

Ka ce, “Na sani. Lallaɓa ta.”

Na lallaɓa. Ina kallon bayan tankar nan, ina kallon madubi. Kowane kallo sai in ga ka ƙara yin fari. Baballe yana ta salati. Muka sauka gadar Tamburawa, muka fara hawa, tankar ta ƙara rage gudu har mai keke zai iya binta. A nan Baballe ya ce, “Ranka ya daɗe, hannunsa ya yi sanyi.”

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na ga hanya ta buɗe, na fita, na take totur har ƙasa. Ta yi fito, ta fara ƙarar tsakuwar nan, ban ɗaga ba. Ina jin ta tana shaƙewa tana ja, tana shaƙewa tana ja, na riƙe. Muka wuce tankar. Gaba da ita akwai wasu manyan motoci biyu, na ci gaba da riƙewa har na wuce su. Zuciyata ta ce mun tsira. Muna wuce Kwanar Dawaki sai na ji wani abu ya buga a cikin injin, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ƙarfi ya zare gaba ɗaya. Da saurin da ya rage na gangara da ita ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Na murɗa makulli sau biyar. Tankar da na wuce ta zo ta wuce mu.

Baballe ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga riga. Motocin haya duk a cike suke, wasu suka rage gudu suka leƙa suka wuce. Ni na fito da kai inuwa na ɗora kanka a cinyata. Ina da takardun shaida na karatu, ina da mota, ina ganin hayaƙin masana'antun Kano daga inda nake zaune, amma babu abu ɗaya da zan iya yi maka. Ka buɗe ido ka dubi motar.

Ka ce, “Ka ji ƙarar? Fistin ne.”

Na ce, “Ka yafe min, Datti. Ka gaya min ban ji ba.”

Ka ja numfashi da ƙyar, sannan ka ce, “Ba komai. Da ni ke tuƙi, kai ke kwance, da tun a Ƙarfi na taka.”

Bayan wannan ba ka sake maganar duniya ba. Na riƙa karanta kalmar shahada kana bina, da farko da murya, daga baya da leɓɓa. Lokacin da wani mai a-kori-kura ya tsaya, ka riga ka cika. Ni na ƙi yarda. Na dage sai an kai ka asibiti, na ce suma ce. Likita ya duba ka, ya rufe maka fuska. Na tambaye shi, da mun riga haka isowa da rabin awa fa? Ya ce saifa ce ta fashe, wani yakan kai awa uku, wani ba ya kai ɗaya, ba zai iya ce min komai ba.

Wannan amsa nake ta juyawa har yau. Da na bi maganarka na zauna bayan tankar, wataƙila mu isa kana numfashi, wataƙila kuma ka cika muna rarrafe a bayanta, in zauna ina cewa me ya hana ni takawa. Malam Maharazu ya riƙe hannuna a maƙabarta ya ce, “Mukhtari, inda aka rubuta masa nan ya tsaya, ba kai ka zaɓi bishiyar nan ba.” Na yi imani da haka, wallahi na yi imani. Amma har yanzu in na ji babbar mota ta wuce a titi, sai in ji ƙafata ta dama tana motsi.

An yi maka sutura a Kura kafin magariba. Sahu ya cika filin makarantar gidanku ya fito har kan hanya. Mutane suka zo daga Garun Mallam da Madobi, wasu da taɓon gona a ƙafa, ko gida ba su biya ba. Motar kuwa an jawo ta an ajiye a gefen rumfarka. Ba wanda ya buɗe ta, ni ma ban nemi a buɗe ba.

Sai rana ta uku na iya shiga wurin mahaifiyarka, Iya Tambaya. Na durƙusa a bakin ƙofa na kasa ɗaga kai. Na zaci za ta tambaye ni yadda aka yi motar ta tsaya, na shirya in faɗa mata gaskiya. Ba ta tambayi wannan ba.

Ta ce, “Mukhtari, ya samu kalma?”

Na ce, “Ya samu, Iya.”

Ta ce, “Ya nemi ruwa?”

Na ce ya nema. Wata mai tallan gyaɗa ta kawo a kwano, amma na ji tsoron ba shi saboda aikin da za a yi masa, sai na jiƙa yatsa na shafa masa a leɓe.

Sai ta ce, “Tun yana yaro ba ya jure ƙishirwa.” Ta miƙo min kofin da ke gabanta ta ce in sha, rana ta yi zafi. Na karɓa na sha, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ita tana ba ni haƙuri.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Iya, da ke Ummulkhairi matarsa, da 'ya'yansa Rabi'atu da Hawwa, da Malam Maharazu da dukan gidan malamai, da Baballe wanda har yau bai koma kan tarakta ba, da manoman ƙarshen kanal. Ba ni da kalmar da za ta rage muku komai. Allah Ya ba mu haƙurin da ba mu da shi.

Ya Allah, ga bawanKa Datti ya zo gare Ka. Ka san abin da ya yi a fili da wanda ya yi ba wanda ya gani. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka sa ciwon da ya ji a hanya ya zama kaffara. Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ka raya 'ya'yansa cikin albarka. Mu kuma da muka rage, Ka yafe mana abin da muka yi da gaggawa da wanda muka yi da jinkiri, Ka sa mu cika da imani. Amin.